Ranar da Inna Ta Kulle Ni da Buhunan Gero

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da ni malamar aji huɗu, uwar 'ya'ya biyu, na wuni tsugune a ɗakin ajiyar hatsi saboda tsabar zargi.

Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, kusa da Ɗambatta. Kafin maigidana ya yarda in kama aikin sai da ya kafa sharaɗi: duk ranar da ya dawo daga gona da azahar ya tarar da gida kaca-kaca, to koyarwa ta ƙare. Na ce na yarda. Na samo kwali na zana jadawali irin na aji, na manna a bayan ƙofa: sallar asuba, dama koko, wankan yara, ɗora abincin rana, shara, wanke-wanke, fita bakwai da rabi. (A kan kwali komai yana tafiya daidai, don kwali ba ya neman takalmin yaro ƙafa ɗaya.) Kullum sai lokaci ya cinye shara da wanke-wanke. Sai in tattara kwanuka a baho in tura ƙarƙashin gado, in ja zanin gado ya rufe, in fita a guje.

Sai na fara ganin canji. Yau in dawo in ga tsintsiya ba inda na jefar da ita ba. Gobe in ga randa cike, alhali rabi na bari. Rannan kuma na jawo bahon nan na tarar da kwanukan a wanke, an mayar da su yadda na ɓoye su. Wata macen sai ta ce alhamdulillahi. Ni abin da ya zo mini shi ne, duk wanda ya wanke kwanon nan ai ya ga dattinsa.

Mutum ɗaya ce ke da makullin sashenmu bayan mu, wato Inna, mahaifiyar maigidana, wadda katanga kawai ta raba mu. Na same ta na yi bugun ciki, ta ce ita da gwiwa ke ciwo me zai kai ta sashen wani. Wannan musun ya ƙara tabbatar mini cewa hujja take tarawa, rana ɗaya ta jawo ɗanta ta ɗaga masa zanin gado. Dama tun farko ban ji ta ce uffan kan aikina ba, kuma shirunta ya fi komai damuna.

Na barbaɗa toka a bakin ƙofa don in ga sawu. Na dawo na tarar an share tokar tas. Kwana uku ina barbaɗawa ana sharewa.

Ranar Larabar sai na buga wa shugabar makarantarmu, Hajiya Binta, waya da muryar mai shirin mutuwa, na ce zazzaɓi ya kwantar da ni. Na raka yara har bakin hanya, na zagayo ta bayan gida, na shige ɗakin ajiya na laɓe bayan buhunan gero, ina leƙe ta tsagar ƙyaure.

Da hantsi sai ga Inna tana ɗingishi. Ta share tokata, ta share tsakar gida, ta shiga ɗaki ta jawo bahon kai tsaye kamar ita ta ajiye shi. Ta zauna a kujerar tsuguno tana wanke-wanke tana mita ita kaɗai, irin ta tsofaffi. Na kasa kunne in ji irin zagin da za ta yi mini.

Ashe ɗanta take wa faɗa. Wai yarinya ta tashi tun asuba ta yi wannan ta yi wancan, ta je ta yi fama da 'ya'yan mutane, shi ko tsinke bai taɓa ɗauke mata ba, amma ya iya kafa doka. Ta ɗauraye tukunya ta ce, "Ina raye dai ba za ka raba ta da aikin nan ba."

Wallahi ji na yi kamar in shige cikin buhu. Na so in fito in durƙusa, amma in ce me ya kawo ni nan? Ina cikin wannan tunani ta juyo ta hango kwaɗon ɗakin ajiya a buɗe da makulli a jiki. Ta ce yarinyar nan da sauri, yanzu awaki su yi mata ɓarna. Ta ja ƙyauren, ta danna kwaɗo, ta ƙulle makullin a gefen zaninta ta tafi. Ina ji ina gani, kunya ta hana ni ko tari.

Haka na zauna cikin zafi da ƙaiƙayi, ƙwarin hatsi suna yawo a wuyana. Maigida ya dawo, ya ci abinci, har na ji yana yaba tsaftar gida. Shawarata ita ce in jira yara su dawo in kira babbar a hankali. Abin da ban lissafa ba shi ne zumuncin malamai. Ana tashi daga makaranta sai ga sallamar Hajiya Binta da malamai mata uku, sun biyo yara sun zo dubiya, har da ledar lemo.

Maigida ya ce wace marar lafiya? Aka leƙa ɗaki ba ni, aka kira Inna, aka fara salati. Hajiya Binta ta ce bari ta kira wayata. (Na rantse na ɗauka na kashe mata sauti.) Sai ga kiɗa yana tashi daga cikin gero.

Inna ta kwance makulli ta buɗe. Na miƙe da dusa har gira, hijabi a karkace, waya na ta ruri a hannuna. Maigida ya buɗe baki zai yi tambayar da za ta gama da ni, sai Inna ta riga shi.

"Ni na ce ta kwanta a nan, ɗakin ya fi sanyi. Na manta na kulle ta, tsufa ne. Kai kuma matarka ba lafiya ko sani ba ka yi ba."

Ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri. Malamai suka yi ta yi mini sannu, Hajiya Binta dai tana kallon dusar girata tana danne dariya.

Da kowa ya watse na bi Inna sashenta na durƙusa ina hawaye ina neman gafara. Ta ce in tashi, ba komai. Har na kai ƙofa ta kira ni.

"Tokar nan ki daina zubawa, 'yar nan. Shararta tana tayar mini da ciwon baya."

Tun daga ranar na daina tura baho ƙarƙashin gado, a fili nake barin sa, don kada tsohuwa ta sha wahalar durƙuso. Kuma idan zargi ya motsa mini yanzu, kafin in laɓe wa kowa sai na fara cire makulli daga jikin kwaɗo.