Kankanar Da Na Yanka Wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yanka wa surukina kankana ba, kuma ko na so in manta, mutanen Taloka ba za su bari ba.

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa. Duk fadamar da ke ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo, in inji ya ƙi tashi ni ake nema, har ana ce mini Injiniya (ban taɓa musantawa ba). Ina da 'yar gonar albasa a wurin, da kankana kaɗan a gefe. A aljihuna kuwa kullum akwai wata 'yar wuƙa mai naɗewa, mai baƙar ƙota. Da ita nake yanka tiyo, da ita nake kankare bakin fulogi, in tsaga robar taya in ɗaure bututu, in ƙwaƙule laka daga takalmi. In masunta sun ba ni kifi ita ke farke cikinsa. Ta ma taɓa ciro ƙusa daga kofaton jaki. Wankinta bai wuce shafa biyu a cinyar wando ba, gaba da baya, a wurina ta tsarkaka ke nan.

Ga ni kuma da son a ci abin hannuna. In na ga baƙo, kafin ya gama gaisuwa na fere masa mangwaro ko na datsa masa rake.

Ranar wata kasuwar Goronyo, ƙwari suka sauka wa albasata. Da safe na ɗauko sabuwar kwalbar maganin feshi, irin mai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa a jiki. Bakinta a liƙe yake gam, sai na soka wuƙa na huda, maganin ya biyo kaifin har ƙota. Na yi mata shafa biyun nan, na mayar aljihu, na shiga feshi.

Bayan azahar na hango wani tsohon mashin yana gangarowa a hankali. Baba Mamman ne, mahaifin matata Luba, dattijo mai ƙarancin magana wanda tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na cire takalmi, na durƙusa tun daga nesa.

"Sannu da aiki, Injiniya. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba. Kun zo lahiya?"

"Lahiya lau. Daga kasuwa nike, nic ce bari in biyo in ga albasarku."

Daɗi ya kama ni. Na ruga na tsinko kankanar da ta fi kowace girma, na zaro wuƙa, na tsaga ta a gabansa. Ja-wur! Na yayyanka ta yanka-yanka, har da ɗan salo, na miƙa da hannu biyu. Ya dubi kankanar, ya dubi wuƙar, ya ce, "Madalla, Allah shi yi albarka. Sa min ita ga leda, in tahi da ita gida mu sha da yara." Na ce a raina, kunyar suruki ce, ba zai sha a gabana ba. Na ƙulle masa, ya rataya a kan mashin, ya tafi.

Na koma aikina ina 'yar waƙa. Sai can wajen la'asar, da na zo ƙara magani a tankin feshi, na ɗauki kwalbar, idona ya sauka a kan hudar da ke bakinta. Na tsaya. Na zaro wuƙar, na buɗe, na kai hanci. Warin maganin ne, gauraye da zaƙin kankana.

Jama'a, sai maganar Baba ta faɗo mini. "Mu sha da yara," in ji shi. Gidan nan akwai jikoki, akwai Inna uwar Luba, akwai wata tsohuwa da ba ta iya tauna komai sai irin kankana. Na kira wayar Baba, tana shiga ba a ɗauka (wayarsa kullum tana ƙasan aljihun 'yar-ciki, shi kuma kunne ya fara nauyi). Na kira Luba, a kashe. Na bar inji yana ta zuba ruwa, na bar takalmana inda na cire su, na haye mashin.

A bakin hanya na tsaya wani shago na sayi kwalbar manja, don tun ina yaro nake jin ana cewa shi ake ɗura wa wanda ya sha guba. (Daga baya wani ma'aikacin asibiti ya ce mini wannan ba magani ba ne, asibiti ake nufa kai tsaye tare da kwalbar gubar. A ranar dai ba hankali nake aiki da shi ba.) Na cusa kwalbar cikin riga, na murɗa mashin. Hanyar duk gargada ce, murfin ya kwance ban sani ba. Ina jin wani abu mai ɗumi yana bin cikina, na ɗauka gumi ne.

Tafiyar nan na yi ta ne ina lissafin gawa. Na ga makara a ƙofar gida. Na ga fuskar Luba. Na shirya abin da zan faɗa wa alƙali, na rushe, na sake shiryawa.

Ina shan kwanar gidan na tarar an idar da sallar la'asar, dattawan unguwa sun baje tabarmi a gindin dogon yaro, Baba Mamman a tsakiya yana jan carbi. Ban ma kafe mashin ba, na sake shi ya faɗi. Na taka tabarmar dattawa da ƙafafuna masu laka, ba sallama, ba durƙuso. Ni da ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, sai ga ni na cafki wuyan rigar surukina.

"Baba, buɗe baki! Ku yi amai! Ina yaran? Wayyo, na kashe ku!"

Don su fahimci bayanina da sauri, sai na zaro wuƙar na ɗaga sama, ina cewa, "Da wagga! Da wagga nik kashe ku!"

To, ku dubi abin da idon mutanen. Kun san halin da yankinmu yake ciki, ƙarar mashin da gudu ma kaɗai tana tayar da hankali. Ga mutum ba takalmi, riga jage-jage da ja tun daga ƙirji har gwiwa, wuƙa tsirara a hannu, ya shaƙe dattijo yana ihun kisa. Liman ya yi baya har rawaninsa ya warware. Wani tsoho da aka ce ya daɗe bai miƙe ba sai da sanda, ranar ya tsallake kwata. Kafin in ƙifta ido ƙarti biyu sun danne ni, kumatuna a ƙasa, an murɗe hannuna, wuƙar ta yi can. Mata suka fara salati daga cikin gida.

Muryar Baba Mamman ce ta cece ni, a natse kamar yana tambayar farashin gero.

"Ku sake shi, mijin Luba na. Injiniya, mi ya hwaru? Wa ya sare ka?"

"Manja na, Baba," na faɗa, bakina cike da ƙasa. "Kankanar... wuƙar... maganin feshi nib buɗe da ita. Don Allah wa da wa sunka sha?"

Baba ya sunkuyar da kai, kamar shi ne mai laifin. Sannan ya ɗaga hannu ya nuna zaure, inda mashin ɗinsa yake jingine. Ga ledar nan rataye, ƙullin da na yi da hannuna ko taɓa shi ba a yi ba.

"Ba wanda ya sha," ya ce. "Jira nike mutane su watse in zuba ta masai."

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Kukan daɗi, irin na ƙato, har da majina. Ina ta "Alhamdulillahi" ina ƙarawa. Da numfashina ya dawo na ce, "Ashe kun ji warin maganin, Baba. Allah ne ya kiyaye."

Da na yi shiru a nan, da na tsira da sauran mutuncina. Baba ya yi gyaran murya yana neman yadda zai rufa mini asiri, sai Inna, wadda ta leƙo zaure da mayafi a karkace, ta riga shi.

"Wane wari? Ɗan nan, ai gidanga ba a cin abin da wuƙar nan tat taɓa. Tun shekarar da anka yi aurenku, da Malam ya gan ka kana tsaga ƙurjin akuya da ita, kag goge ga wando, kaf fere mishi goruba."

"Mangwaro na," in ji Baba a hankali, kamar gyaran zai rage mini zafi.

Dariyar da aka yi ba ta faɗuwa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka danne ni ɗazu ya ce shi ma raken da na ba shi bara jakinsa ya ba. Liman, yana naɗa rawani, ya ce shi dai kullum azumin nafila yake cewa yana yi in ya hango ni da mangwaro. (Ni kuwa har yabonsa nake a gari, ina cewa ban taɓa ganin mai ibada irinsa ba.) Ashe shekara da shekaru duk wanda ya ce mini "sai na je gida" ko "yanzu na ƙoshi", tserar da ransa yake yi.

Aka kawo mini ruwa da sabulu, aka ara mini rigar ƙanen Luba wadda ta tsaya mini a cibiya. Ni da kaina na haƙa rami mai zurfi a bayan gida na binne kankanar. Da zan tafi, Baba ya rako ni har bakin hanya, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Mutumin da ya baro gona ba takalmi don tsoron kada wani abu shi same mu, ba mu da abin ce mishi sai godiya. Amma wuƙar nan, ka wanke ta." Na ce to, kaina a ƙasa.

Na iso gida na tarar labari ya riga ni. Luba tana zaune tana tankaɗe, kafaɗunta suna rawa don dariya. Na ce, "Ke ma kin sani, kika bar ni?" Ta ce, "Sau nawa nic ce maka ka kawo in wanke? Kac ce ruwa shina dakushe ta." Gaskiya ne, na faɗa, kuma da ƙarfin gwiwa na faɗa.

Albasar da na bar wa inji a kunne ta sha ruwa har ta kwanta, amma ko a jikina. Daren nan na ci tuwo kwano biyu, don ba a yi zaman makoki ko ɗaya a dalilina ba.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu suna da kawaicin da za su yi shekaru suna karɓar ƙazantarka da hannu biyu, suna sa maka albarka, ba wanda zai ce uffan. Saboda haka in ka ga kowa yana yabon kyautarka amma ba ka taɓa ganin bakin kowa yana motsi ba, je ka tambayi matarka, kuma wannan karon ka saurara. Wuƙar aiki yanzu tana cikin jakar sifana, ba ta kusantar abinci. Kankana kuwa ɗungurungum nake ba mutane, kowa ya je ya yanka da tasa.