Waƙar Tasi'u Zuma Ta Karɓu a Fadama

Ku gyara zama ku ji abin da ya sami maigidana, Tasi'u Zuma. Ni nake kaɗa masa fiyano tun yana bin gidajen biki ana sallamar mu da ragowar shinkafa a leda, don haka abin da zan faɗa muku a kan idona aka yi shi, ba a teburin mai shayi na tsinto ba.

Kun dai san zamaninsa. Ka shiga adaidaita sahu muryarsa ce, ka sauka wajen mai cajin waya muryarsa ce, biki kuwa in ba a sa waƙar Tasi'u ba sai ƙawayen amarya su ce ba a yi komai ba. Kuɗi suka yi ta shigowa har ya rasa inda zai kai su. Ya gina bene har da wurin ninƙaya a tsakar gida, shi da ko a kududdufi bai taɓa iyo ba. Ya jera motoci, wata ma sai dai a wanke ta a mayar. Da wani mai hankali ya ce masa waƙa ba ta da fansho, sai ya tafi can fadamar Haɗeja ya sayi ƙatuwar gonar shinkafa. Noman nasa kuwa kun san irinsa: a zo da farar shadda da baƙin tabarau, a karɓi fartanya a ɗauki hoto, a miƙa wa mai ita, a shige mota a kunna sanyi.

To, duniya rawar 'yan mata ce. Yara suka taso da sabon salo, wayar maigida ta daina ƙara. Maimakon ya tsaya a kan abin da ya iya, sai ya ce shi ma zai bi zamani. Ya sayo wata na'ura mai murɗe murya, ya rufe kansa a situdiyo, ya fito da waƙa wai ita "Sauko Tantabarata". Ranar da ya kunna mini na ce, "Maigida, don Allah a sake duba waƙar nan. In ka ja amshin nan ji nake kamar ana jan ƙofar langa-langa mai tsatsa." Ya ce kunnena ya tsufa, kuma hassada ga mai rabo taki ce. Na ja bakina na tsuke, tunda a hannunsa nake ci. Gidan rediyo ɗaya ne ya sa ta, shi ma mutane suka yi ta bugo waya suna tambaya ko injin tashar ne ya lalace.

Ana cikin haka Alhaji Ilu ya aiko a kira shi. Alhaji Ilu shi ne mai shirya babban wasan Sallah a birni, kuma duk mawaƙin da aka cire sunansa daga wasan nan, to kowa ya san tasa ta ƙare. Da ni aka je.

Alhaji ya ce, "Tasi'u, ni ɗan kasuwa ne, ba na ɓoye-ɓoye. Ciwon kaina a wasan nan kullum ɗaya ne, a tashi mutane su ƙi tafiya gida, masu zaure su yi ta yi mini masifa. A da kai kake jawo mini wannan, yanzu yaran nan ne. Kai wa yake jin ka? Ka nuna mini inda ake sauraron sabuwar waƙar nan taka, in bar sunanka. In babu, bana sai dai ka zo kallo."

Muka fito na kalli maigida. Wallahi tausayi ya ba ni, don na san daren Sallar nan shi ne abin da ya rage masa.

Ashe tun da birni ya ƙi waƙar, ya sa an kafa lasifika da sola a kan turke a tsakiyar gonarsa, wai ko leburori sa ji su kai ta gaba. Lokacin kuwa shinkafa ta fitar da kai, jan-baki sun sauka a fadama. Wanda bai san su ba, wasu 'yan tsuntsaye ne da ke zuwa garke guda har su tare rana, in suka sauka a gonarka kafin ka ɗauko majajjawa sun bar maka kara. Manoma suna ta kaɗa gwangwani, suna ihu har murya ta dishe. Gonar Tasi'u ce kaɗai ba su taɓa ba, ya ce tauraronsa ne.

Kwatsam sai mai kula da gonar ya bugo waya. Ya ce manoma sun yi layi da memori a hannu, kowa so yake a tura masa "Sauko Tantabarata", har wasu sun haɗa kuɗi sun yi hayar lasifika. Maigida ya miƙe tsaye da wayar a kunne, ya nuna ni da yatsa.

Ya ce, "Sabo, ka ji ko? Mutanen karkara su suka san waƙa. Ku 'yan birni hayaniya kuka sani."

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko Alhaji Ilu a motar nan da ba a fita da ita, ya kuma gayyato wata ma'aikaciyar rediyo, Rumasa'u, ta zo ta watsa shirinta kai tsaye daga gona don duniya ta shaida. Na ce a fara zuwa a gani tukuna. Ya ce in ina jin kunyar maganar da na yi a baya in zauna a gida.

Muka isa da hantsi. Jama'a, muna hawa kan gaɓa sai ga muryar maigida ta ko'ina. Gabas Tasi'u, yamma Tasi'u, kudu da arewa Tasi'u. Kowace gona da turkenta da lasifikarta, duk tantabarar nan ake ta kira ta sauko. Na ce a raina, shi ke nan Sabo, ashe da gaske kunnenka ne ya tsufa. Alhaji Ilu kansa ya cire hula ya sosa kai. Abu ɗaya dai na lura da shi, duk faɗin fadamar nan babu mutum ko ɗaya a gona. Sai da aka aika cikin gari aka kira Malam Jatau, Sarkin Noma, ya zo a kan kekensa.

Da aka ce masa ga mai waƙar, tsohon nan ya jingine keke ya kama hannun Tasi'u da hannu biyu. Ya ce, "Kai ne? Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka yi wa garin nan abin da ba za mu manta ba."

Maigida ya gyara tabarau, ya kalli Alhaji ta gefen ido. Rumasa'u ta miƙa wa tsoho abin magana, ta ce, "Baba, masu sauraro suna jin ka. A cikin waƙoƙinsa wacce ta fi kwanta muku a rai?"

Ya ce, "Wannan sabuwar mana, 'yata. Tsofaffin ba su da wani amfani. Mun gwada su, sai tsuntsu ya sauka yana ci yana kaɗa kai, masu korar ma su ajiye gwangwani su kama rawa. Amma wannan, tun ranar da muka kafa ta ko fiffike ba mu ƙara gani ba. Har birin da ya addabe mu ya ƙaura."

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Rumasa'u ta cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mata. Maigida ya yi wata dariyar yaƙe, ya matso don ya gyara zance.

Ya ce, "To, Baba, amma ai ku ma kuna jin daɗinta, tunda daga safe har yamma ita kuke saurare."

Malam Jatau ya ce, "Mu? Ai kunnawa muke mu yi gida. Tsuntsun da yunwa ta koro ma ya haƙura da shinkafa, balle mu da muka karya kumallo."

Daga nan ban san yadda aka rufe shirin ba. Na dai ga Rumasa'u ta juya baya kafaɗunta suna girgiza. Muka koma mota, tantabara tana bin mu ta kowace kusurwa. Sai da muka hau kwalta maigida ya yi gyaran murya, ya yi magana ƙasa-ƙasa, irin muryar da ban ƙara ji a bakinsa ba tun zamanin shinkafa a leda.

Ya ce, "Alhaji, to maganar wasan Sallah fa? Ka dai gani da idonka, ana sa ta."

Alhaji Ilu ya gyara hularsa, ya ce, "Na gani, kuma sunanka yana nan. Kai zan sa a ƙarshe, in lokacin tashi ya yi."