Babur Ɗin Tela Ya Rasu Cikin Rigarsa

Da zuciya mai nauyi, cike fal da baƙin ciki, iyalan gidan da ke saman shagon ɗinki suke sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar babur ɗin ɗansu Tela, ɗan nasu da 'yan gida ke kira Auta. Marigayin ya cika a tsaye, a lungun ƙarƙashin matattakala, kusa da famfon wanki, sanye da rigarsa. Ba a san takamaimai ranar da ya cika ba, domin babu wanda ya duba shi. Ranar Lahadin da ta wuce aka gano, wajen ƙarfe tara na safe. Ya bar duniya yana da shekara shida.

Marigayi mai ladabi ne. Bugu ɗaya yake tashi, ya ce tuf-tuf-tuf a hankali don kada ya dami maƙwabta. Bai taɓa zubar da baƙin mai a ƙofar gidan kowa ba, bai taɓa mutuwa a tsakiyar titi ya kunyata mai shi ba. Aibinsa ɗaya ne, kuma ba za a ɓoye shi don ya mutu ba: bai iya shan kwana ba. Akwai wata hanya bayan gari da ta hau dutse, mai kwana tara, ta ukun irin wadda kana tsaka da ita sai ta ƙara matsewa. Ranar da Tela ya fara kai shi can, marigayi ya ƙi kwanciya, bayansa na rawa, ya nufi bakin hanya sai da ƙafar Tela ta share tsakuwa. Tela ya dawo gida yana dariya shi kaɗai. Tun daga ranar ya ci alwashin sai sun sha wannan kwanar tsaf, ba birki, ba sa ƙafa a ƙasa.

Shekara biyu aka yi ana yi masa tarbiyya. Tela ba bakanike ba ne, saboda haka ya yi abin da ya iya, wato awo. Da tef a wuya da alli a kunne yake zuwa gareji, ya hau, Bakanike ya riƙe, a auna yadda babur ya nutse gaba da baya, a ja layi, ya sauka a sake aunawa. Shokozoban baya, wato ƙarfen da ke shanye gargada, mai mataki biyar ne. Na biyu ya yi laushi, babur na lilo. Na huɗu ya yi tauri har haƙora na haɗuwa. Aka tsaya a na uku. An juye man shokozoban gaba an zuba mai kauri, don ya daina sunkuyar da kai in an taɓa birki. Bakanike ya rantse tunda yake sana'a bai taɓa ganin mai yi wa ƙarfe gwajin riga ba. Mai faci kuwa har gaba ya yi da Tela, don Tela ya hana shi gwada iska ta hanyar ƙwanƙwasa taya da sifana, ya zaro ma'auninsa daga aljihu. Daga ƙarshe aka sa tayoyi masu laushi, masu zagayayyen gefe, waɗanda ke kama kwalta in babur ya kwanta. Gefensu duk 'yan gashin roba ne irin na sabuwar taya, kuma Tela ya ce ranar Lahadi zai je ya aske su a kan dutse.

Ranar Alhamis Baba ya faɗi a banɗaki.

Ɓarin jikinsa ya shanye. Bayan sati uku aka dawo da shi daga asibiti, baki a karkace, tare da umarnin likita cewa a juya shi duk bayan awa biyu, kada kwanciya ta ci masa baya. Yaya Babba yana aiki a wani gari, nasa shi ne ya bugo waya ya ce sannu da ƙoƙari, Allah Ya ba da lada. Yayarsu mace tana fama da 'ya'ya huɗu. Baba kuma ya ƙi hannun kowa. In wani ya zo juya shi sai ya rufe ido ya sandare, har sai Auta ya hawo. An ba shi cokali yana bugawa a ƙarfen gado in yana nema. Daga keken ɗinki zuwa gadon Baba matakala goma sha bakwai ce, kuma iyakar duniyar Tela ke nan tun daga lokacin. Hanyar dutse tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci, zuwa kawai. Ya lissafa ta gaba, ya lissafa ta baya, awa biyu ba ta kai shi ta dawo da shi. Ba ya jin haushin Baba, Allah Ya sani. Ya dai gaji, irin gajiyar da ba a faɗa wa kowa.

A nan ciwon ajali ya samo asali. Tela ya ga ƙura na sauka a kan marigayi, zuciyarsa ta kasa ɗauka, sai ya yi abin da tela ke yi wa wanda yake ƙauna: ya ɗinka masa riga. Tamfol mai kauri, da shafi mai laushi daga ciki, da zif, da aljihu biyu na madubai, an matse ta ko'ina har ƙasa, ko iska ba ta shiga. Ɗinki na a zo a gani, har wata mai kawo ɗinki ta tambaya ko yana yi wa firji. Bai tuna cewa lungun kullum a jiƙe yake da ruwan famfo ba, damshi ya shiga ya rasa hanyar fita. Ga shi kuma rigar ta sa bayan marigayi ya shimfiɗe kamar tebur, sai matar Tela ta ɗora bahon wanki, wai na yau kawai. Bayan baho sai katan ɗin tsofaffin yadi, bayan katan sai kan wani mataccen keken ɗinki. Shokozoban da aka auna wa mutum ɗaya ya ɗauki kayan gida guda wata goma sha huɗu. Tela yana wuce marigayi sau ashirin a rana yana kau da kai. Bai zuge zif ɗin ba ko sau ɗaya.

Ranar Lahadin nan yayarsa mace ta zo da sassafe, ta ce ta shawo kan Baba, ya yarda ta juya shi na yini guda. "Auta, fita ka sha iska," in ji ta, "dubi yadda ka rame." Bibbiyu ya dinga tsallake matakala. Ya sauke kaya, ya zuge zif, warin tsatsa ya tare shi. Sandunan gaba sun ciwu, mansu ya tsiyaye ya wanke birki. Bayan ya durƙushe, ko da aka raba shi da kaya bai ɗago ba. Tayoyin sun tsattsage, gashinsu na nan cif. Ya taka kik, kik ya ƙi sauka. Aka kira Bakanike, ya cire fulogi, ya leƙa tanki, ya goge hannu ya ce ruwa ya daɗe a inji, inji ya kama. "Haƙuri za ka yi, Tela," in ji shi. "Da ka bar shi tsirara a rana, da yana nan da ransa."

Tela ya zauna a matakalar ƙasa da hular kwano a kan cinya. Ga yini guda cur a hannunsa, na farko cikin wata goma sha huɗu, ya rasa inda zai kai shi. Wajen sha ɗaya ya ji cokali na bugun gado, ya tashi ya hau.

Marigayi ya bar hular kwano ɗaya, da makulli biyu, da ma'aunin iska, da riga wadda tuni aka gwada wa firji aka ga ta yi masa yawa. Ya bar Bakanike cikin jimami, da mai faci wanda ya zo gaisuwa ya ce ya yafe. Ya kuma bar Tela, inda ya same shi.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a motar mai sayen tsofaffin ƙarafuna. Ana neman majiya ƙarfi huɗu, domin tayoyin ba sa juyawa. Duk wanda ya san zai ce ai da an sayar tun farko, ya yi zamansa a gida, an yafe masa gaisuwar. Tela ba zai samu yin rakiya ba, goma lokacin juya Baba ne. Zai leƙo ta taga, amma tagar ba ta nuna ƙarshen layi, inda mota za ta karya hagu. Saboda haka ana roƙon wanda ya raka ya dawo ya hau sama, ya faɗa masa yadda marigayi ya sha wannan kwanar, ko ya ɗan kwanta ko a tsaye ya tafi. A faɗa masa ƙasa-ƙasa, don Baba yana jin komai.