Yadda Za Ki Yi Sulhun 'Yarki Da Mijinta Ba a Goge Wasan Ƙwallaye Ba

"Yau ko wasan nan ko ni a gidan nan!" Abin da na tarar Autata tana faɗa wa mijinta ke nan, da ludayi a hannu.

Shi mai gyaran firji ne. Yana yaro akwai wani akwatin wasa a shagon layinsu, a jefa sulalla a harba ƙwallaye, masu launi ɗaya su haɗu su fashe. Akwatin ya mutu tuntuni, sai bawan Allah ya zauna ya sake ƙera wasan da kansa a kwamfutar falo. Ƙarar asali ce bai samu ba, shi ne ya ɗauki tsakin matarsa a waya ya saka. Duk wanda ya faɗi, tsakin Auta zai sha.

Aka kira ni sulhu. Abin da Auta ba ta sani ba, duk ranar da ta tafi aiki ina gaban kwamfutar nan ina harbi. Ke ma in kin shiga irin halina, bi matakan nan. Wasa zai tsira tabbas, aure ma ana sa rai.

1. Ki ɗaure fuska. Ki kalli surukinki kamar yau kika fara ganinsa. Ki ce kin ji kunya, babba da shi. Zai sunkuyar da kai, ya san aikinsa.

2. Ki ce sai kin ga laifin da idonki. A kunna, a jawo miki kujera. Ki riƙe abin sarrafa wasan a juye, ki tambaya ko yana jan mutum da lantarki. Masana sun ce tsohuwar da ta yi wannan tambayar ba a zarginta da komai.

3. Ki aiki 'yarki ta dafa shayi. In ya zo, ki ce ya yi zaƙi, a sake. Bincike ba ya son gaggawa.

4. Ki wanke tsakin. Ki gaya mata ƙauna ce. Wasu hoto suke ratayawa, nata mijin tsaki ya adana. Ni haka na ce mata: ubanki ya sha tsakina har Allah ya ɗauke shi, ko ɗaya bai ajiye ba. Wallahi har ta fara murmushi.

5. Kada ki ci wasan. Ko da ƙwallaye sun jeru suna roƙonki, ki harba gefe. Ni dai wata jar ƙwallo ce ta tsaya min a ido, hannu ya riga hankali. Allon ya wanke tas. Sai ga muryata daga cikin sifika, wadda muka ɗauka makon jiya don masu nasara: "Ɗan albarka, ka gama da su!"

Auta ta ajiye kofin a hankali. "Inna, ashe da ke aka ƙera shi."

Na ce muryoyi suna kama.

Gargaɗi: duk wadda ta bi matakan nan aka daina kai mata abincin rana, ita ta jiyo. Ban san ta ba, ban iya rubutu sosai ba, kuma ido ya fara ba ni matsala.

Auta dai ta yafa mayafi ta nufi ƙofa. Surukina ya lallaɓo ya danna ɗaukar sauti a wayarsa, ya ce, "Inna, yi shiru, muna neman ƙarar mataki na gaba."

Ta kuwa buga ƙofar da kyau.