Lambar Kusurwar Allo

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar buɗe shagon gem, wato wasannin kwamfuta, na mijin yayata Alhaji Sabo a unguwar Inkil ba. Alhaji Sabo hatsi yake sayarwa a kasuwar Muda Lawal, bai san kwamfuta ba, ni ya sani. Ya bar mini zaɓen injuna, ya ce idan shagon ya karɓu ni zan riƙe shi. (Lokacin ba ni da aikin yi sai surutu.)

Ni kuwa tun muna makaranta awo ɗaya na sani na katin girafik, wato abin da ke zana hotunan wasa a cikin kwamfuta: lambar nan ta kusurwar allo, mai nuna hoto nawa yake fitarwa a daƙiƙa. In ta yi sama, kati ya yi kyau, magana ta ƙare. Da na gano wani saiti da ke ninka lambar, sai na bi kowace kwamfuta na kunna shi, ina ta yaba wa kaina basira.

Ranar buɗewa aka shirya gasar wasan harbi. Na tsaya gaban jama'a cikin sabuwar shadda, na nuna lambar da yatsa na ce, "Duk faɗin Bauchi babu mai irin wannan." Alhaji har da tafi.

Ba a jima da farawa ba wani ɗan wasa ya juyo ya ce, "Malam, bindigar nan sai ta yi shawara take tashi ne?" Na ce hannunsa ne bai iya ba. Na biyu ya yi ƙorafi, na uku ya fara neman takalminsa. Don in kunyata su sai na zauna da kaina. Wallahi ban gama gyara zama ba aka kashe ni a wasan, lambata tana can sama abinta. Dariyar da aka yi har 'yan acaɓa sun leƙo daga titi. Alhaji bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi tsorata ni.

Sai Bulus, abokina tun firamare da ke koyar da kwamfuta, ya sunkuyo ya raɗa mini, "Mutumina, rabin hotunan nan katin ne ke ƙago su yana cusawa a tsakani. Yanzu ba lambar kaɗai ake kallo ba. Ana duba jinkirin da ke tsakanin yatsa da allo, da wurin da wasan ke sarƙewa."

Ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, saitin nuni ne injiniya ya bari, yanzu zai sa na gasa!" (Allah ya saka wa Bulus, ƙaryar nan ta rufa mini asiri.) Na bi na kashe saitin nan. Lambar ta faɗo rabi, wasa ya miƙe, mai takalmi ya dawo ya zauna.

Da aka watse Alhaji ya ce, "Injiniya, ya na ga lambar ta ragu amma sun fi murna?"

Na ce, "Ƙaiƙayi muka sheƙe, Alhaji."

Ya miƙo mini makullin shagon ya ce, "To gaba ka dinga sheƙewa kafin baƙi su zo."

Har yau ni ke riƙe da shagon, kuma kujera mafi kyau ta Bulus ce duk ranar da ya zo. Na gane ilimi yana tsufa ba tare da ya yi wa mai shi sallama ba. Yanzu kafin in yabi kati, sai na rufe ƙofa na buga wasan, an kashe ni a ɓoye tukuna.