Motar Yaya Da Ladabin Dole

Jama'a, jiya na yi ladabin da ban taɓa yin irinsa ba tun da aka yaye ni, kuma a tsakiyar titi na yi shi. Kada ku yi saurin sa min albarka, ku bari ku ji yadda ta kaya.

Yayan matata ne ya sayi mota sabuwa dal. Ya kai ta can ƙarshen gari a ɗinka mata rigar kujeru, sai ya bugo min waya wai in je in ɗauko masa. Wannan Yayan, in ba ku sani ba, shi ne ya ce lokacin da nake neman ƙanwarsa wai ni mutum ne mai garaje, ko akuya ba zai ba ni kiwo ba. Ga shi har babban ɗanmu ya fara gashin baki, amma Yaya bai taɓa ba ni ajiyar ko allura ba. Saboda haka da na ji zancen makulli, na san jarrabawa ce ta zo.

Uwargida ta raka ni har bakin ƙofa. "Baban yara, don Allah ka rufa min asiri," in ji ta. "Ko ƙwarzane ɗaya ka yi mata, har mu koma ga Allah ba za mu daina jin labarin ba."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Na ɗauki maƙwabcina Tela ya zame min ido na biyu, don shi mutum ne da ke hango ramin allura.

To, ni ma ina da mota. Akwala ce, madubinta ɗaya, bambar gaba da waya aka ɗaure ta, ƙofar baya kuwa sai an lallashe ta da gwiwa. A cikinta ban taɓa fahimtar masu kukan rashin ladabin direbobi ba. Duk inda na doso sai a dare a ba ni hanya. Ni duk a zatona kwarjini ne Allah ya ba ni.

Muna fitowa da motar Yaya muka iso mahaɗar farko. Akwai danja a wurin, doguwa kyakkyawa. Ta yi aiki ranar da Mai Girma Sarkin Ƙaddamarwa ya zo ya yanke ƙyalle aka tafa masa, da ya tafi kuma sai wutar ta bi shi, har yau ba ta dawo ba. Wani mai tasi ya kunno kai ta hagu, jikin motarsa kamar gwangwanin da yara suka gama ƙwallo da shi. Ya dubi fentina, ya dube ni, ya yi murmushi. Ban san lokacin da hannuna ya fita ta taga ba.

"Wuce, ɗan'uwa, wuce."

Ya wuce, ko hannu bai ɗaga min ba. Na bayansa ya manne masa, na bayan wancan ma haka, sai ga shi na zama mai gadin mahaɗa ba albashi. Na bayana suka dinga danna hon kamar ni na kashe danjar. Wani direban tifa ya leƙo daga sama ya ce, "Malam, in kwana za ka yi a nan ka faɗa, a kawo maka filo!"

Wata baiwar Allah ta zo daidai tagata a wata mota da ba fitila ko ɗaya. Ta sauke gilashi da hannu, ta ce, "Baba, sabuwa ce? Kai, Allah ya sa alheri. Matsa."

Na matsa.

Tela ya gyara zama. "Ka gane karatun?" in ji shi. "A titin nan ba babba ba yaro, ba mai dama ba mai hagu. Wanda ya fi lotsewa shi ke fara wucewa."

"To kwarjinina fa?"

"Na bambarka ne, maƙwabci. Ba kai ake ba hanya ba, wayar nan da ta yi tsini ake gudu."

Maganar ta yi min zafi, ba zan ɓoye muku ba. Amma da na zuba ido sai na ga Tela bai yi ƙarya ba. Mai sabuwar mota na tsoron mai tsohuwa, mai tsohuwa na tsoron mai akwala, mai akwala na tsoron tifa. A can ƙololuwa kuma akwai motocin manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, waɗanda ba sa tsoron kowa. Me za su ji tsoro? Motar da ba ta da uba, in ta lotse da safe, kafin yamma an sayo wata da guminmu.

Haka muka yi ta rarrafe. Layin mai ya cinye rabin titi, ramuka sun cinye rabin abin da ya rage, ɗan siririn da aka bar mana kuma masu babur sun ce gadonsu ne. Na ba kowa hanya. Na ba mai baro hanya, na ba wani kare. Wani ya zage ni, na ce na gode. Gumi ya jiƙa min riga sharkaf, amma motar Yaya ko ƙuda bai sauka a kanta ba.

Har mun hango kwanar gidan Yaya sai ga wani dattijo da sanda a bakin titi, yana sa ƙafa yana janyewa. Lokacin ladabin ya riga ya shiga jikina, har ya fara yi min daɗi. Na taka birki a hankali, na yi masa alama ya tsallaka.

Gwaram!

Daga baya aka dake mu. Na fito na duba. Wata farar bas ce mai lasifika biyu a ka, an rubuta mata a jiki: Makon Ladabin Direbobi. Lasifikar ma ba ta yi shiru ba, tana ta faɗin, "Direba, yi haƙuri! Direba, girmama ɗan'uwanka!" Bayan motar Yaya kuwa ya lotsa, har sai ka iya ajiye kwano a wurin.

Wani jami'i ya sauko, riga da hula duk da tambarin makon. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, ai kuwa ya fara naɗewa.

"Kai wane irin mutum ne? Ka tsaya haka kawai a tsakiyar titi?"

"Ranka ya daɗe, dattijo ne zai tsallaka."

"Babanka ne?"

"A'a."

"To ka ji! Irinku ne ke jawo haɗari. Wa ya taɓa tsammanin mota za ta tsaya a nan?"

Na juya in kafa shaida da dattijon, sai na gan shi yana nan inda yake, bai motsa ba. Tela ya ce, "Baba, ai kai aka tsaya wa." Dattijo ya girgiza kai. "Ɗana, ni motar da ta tsaya min ban yarda da ita ba. Akwai abin da take nufi."

Jami'in ya duba agogo ya ce Mai Girma na jiran su a wurin rufe taro, ba su da lokacin gardama da marasa wayewa. Amma a yaba masa, bai tafi haka ba. Ya zaro wata sitika ya manna ta daidai kan lotsawar, ya shafe ta da tafin hannu. An rubuta: Ni Direba Ne Mai Ladabi. Bas ta zagaye ni ta kan hanyar masu ƙafa, tana ta wa'azin haƙuri.

Na shiga gidan Yaya da motar. Uwargida ta riga ni zuwa, tana ganin fuskata ta dafe ƙirji. Yaya ya zagaya motar, ya ɓare sitikar, ya sa hannu a ramin ya shafa. Ni dai ina ta haɗa kalmomin ban haƙuri.

Sai ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Alhamdulillahi," in ji shi. "Tun da na saye ta nake tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Yara sa'o'in 'ya'yana suna yi min tsawa a titi ina ce musu sannu. Yanzu ta zama mota." Ya dubi ƙanwarsa. "Ashe mijin nan naki yana da amfani."

Ya karɓi makulli, ya fita da baya a guje, ya kutsa titi da hon ko waige babu. Mun jiyo ƙarar birkin mutane har daga tsakar gida.

Wuni guda na yi ina mutunta bayin Allah, ba wanda ya ce min sannu. Yabon da na shekara da shekaru ina jira kuma, lotsawa ce ta samo min shi. Saboda haka ga shawara kyauta ga Mai Girma, in akwai mai karanta masa jarida: baɗi kada a wahalar da lasifika, kada a buga hula. A karɓe makullan ofis, a ba kowane jami'i motar yayan matarsa.