Ilu Na-Ikko da Kifi Mai Mashi

Wani mutum ne a Yauri, Ilu Na-Ikko. Sau ɗaya ya taɓa leƙa Ikko, amma in ya buɗe baki sai ka rantse a cikin teku aka yanke masa cibiya.

Kullum yana bakin kogi yana raina masunta. "Ku da tarwaɗa kuka sani? Akwai kifi mai mashi a baki. Gida-gida ne. Akwai mai gajeren mashi, akwai mai dogo, akwai na tekun Turawa. Ni ko a duhu aka miƙo min, da wari nake rabe su. Wani ma har gaisawa muke."

Surutun ya kai kunnen Sarkin Ruwa, har ya fara shawarar ɗora shi kan masu koya wa matasa kamun kifi. Hankalin wani masunci, Gwadabe, ya tashi, don ya san Ilu ko kwalekwale ya hau sai ya yi amai.

Ran kasuwa sai ga Gwadabe da ƙatuwar giwan ruwa a kafaɗa, wani tsinin ƙarfe ya fito mata ta baki zaƙal. Ya dire ta tim a gaban Sarki.

"Ranka ya daɗe, ga abin da ya faɗo komata. Mun rasa gane shi."

Ilu ya ture mutane. Ya durƙusa, ya shinshina, ya auna tsinin da taƙi.

"Mai gajeren mashi ce. Mace. Daga tekun Turawa ta ɓato."

"Ka tabbata, Malam Ilu?"

"Na san uwarta."

Ya ɗaga ta sama don kowa ya gani, ya danna cikin da babban yatsa. Sai ji aka yi fau. Cikin ya dare, baƙar lema ta buɗe a kansa, kayan ciki suka yi masa caɓal a fuska.

Ilu ya share ido, bai saki ba.

"Af, na yi kuskure. 'Yar gidan damina ce. Haka suke yi in sun ji hadari."

Sarkin Ruwa ya dubi sama, rana tarwai. Ya dubi Ilu.

"To madalla. In ta gama jin hadarin, ka wanke ta da sabulu ka kai wa Liman. Tun safe yake cigiyar lemarsa."